Ruwan Matsirga a Gora

A ƙauyenmu, can bayan Tozai, akwai wani dutse cikin daji da ruwa ke zubowa daga kansa idan damina ta zauna. Matsirga muke ce masa. Baƙo zai iya raina shi, don bai fi tsayin rumbu biyu ba, amma mu shi ne abin nuna wa mutane. Al'adarmu kuma, duk wanda ya je can ba ya dawowa hannu sake, sai ya ciko gora ya kawo wa tsofaffin gida.

Da 'yan bindiga suka tashe mu, muka dawo garin Isa muka raɓe a gidan wani ɗan'uwa. A nan ciwo ya kwantar da innata. Ta daina cin tuwo, ta daina fura. Wata safiya ta ce da ni, "Da za ni samu ruwan matsirga ko kurɓi guda, da na ji sanyi."

Ban yi shawara da kowa ba, don na san amsar da za a ba ni. Ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bakin daji, ya ce iyakarsa ke nan, shi ma yana da uwa. Na bi hanyar da na sani tun ina yaro, tsakanin sabara da kalgo. Da, sawun shanu ne a kanta. Yanzu sawun taya ne, ga gonakin mutane ciyawa ta cinye.

Tun daga nesa na ji ƙararsa. Yana nan yana zuba, fari tas, kamar ba abin da ya faru. Wallahi haushinsa na ji. A bakin kududdufin da mata ke wanka da, ga tsummokaran baƙin mai, ga jarkokin fetur, ga maiƙo yana yawo a kan ruwa. Ashe nan 'yan bindigar suke wanke baburansu. Hawa sama ya fi ƙarfina, don daga can ana hango mutum. Na tsuguna, na kore maiƙon da hannu, na cika gorar da na zo da ita, na juyo.

Na iso gida da la'asar, ƙafafuna duk ƙaya. Na tallafo kan Inna, ta kurɓi ruwan, ta riƙe shi a baki. Sai ta yi ɗan murmushi.

"Wanga ba shi na ba," in ji ta. "Na can ba ya wari. Bakin tasha ka ɗebo, ko? Ka kyauta da ba ka tahi ba, ɗana. Allah shi yi maka albarka."

Na buɗe baki in rantse mata, sai na tuna tsummokaran nan. Na ce, "I, Inna, bakin tasha na."