Turbo Biyu a Motar Kawu Dodo

Malam Dodo ɗan Tanout ne, kuma tun yana saurayi tuƙi ne sana'arsa. Shekara ashirin ya yi yana jan kamiyo, wato babbar motar kaya, tsakanin Zinder da Agadez, a zamanin da direba shi ne makanikin kansa: in mota ta tsaya a daji, ko ka gyara ta ko ka zauna kana kallonta. A 2001 wani babban ma'aikaci da aka tura aiki Paris ya taho da shi don ya riƙa tuƙa shi. Maigidan ya gama wa'adinsa ya koma gida, Dodo kuwa ya sami aikin direba a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Ya ɗauko matarsa Hajiya Zuwaira, suka kama gida a hawa na bakwai a Bobigny, kusa da Paris.

Aikin ba wuya: kwat, baƙar mota mai sanyi, filin jirgi, otel, ofis. Abu ɗaya ke cin ransa, an hana direbobi taɓa inji. In ya ji wata 'yar ƙara, sai dai ya cika takarda a kai motar garaji. Hannunsa ya yi laushi har yana jin kunyar gaisawa da tsofaffin abokansa in ya je hutu.

A hutun 2012 ne ya ga yadda mutanen ƙauyen mahaifiyarsa ke ɗebo ruwa a amalanken jaki daga rijiyar burtsatse mai nisan kilomita goma sha takwas. Ritayarsa saura shekara uku. Ya dawo Faransa da shawara guda: zai nemi pikop mai shan gazwal, wato man dizal, ya ɗaura mata tanki na lita dubu uku a baya, ta ja ruwa cikin rairayi.

Ya samu wata tsohuwa fara a hannun wani manomi, mai silinda shida, ƙafa huɗu duka na ja. Jikinta lafiya lau, amma da ya gwada ta da tirela a tudu sai ta yi ta nishi. Dodo ya je inda ake sayar da kayan matattun motoci, ya sayo wani ƙaton turbo, wato na'urar da hayaƙin inji ke juyawa tana tura wa injin iska. Asabar uku ya yi kwance ƙarƙashin motar a filin ajiye motoci na unguwarsu. Ranar da ya tayar da ita, ta gumama filin da baƙin hayaƙi, wata maƙwabciya ta leƙo ta taga tana faɗa, mai gadin gini ya zo ya ce masa nan ba garaji ba ne. Abin haushi kuma, motar ta ƙara mutuwa: in ya taka totur sai ta yi shiru kamar tana tunani, can daga baya ta zabura.

Da ya hau sama Hajiya Zuwaira ta miƙa masa sabulu, ta ce, "Malam, ka kira Balkisa mana."

"Balkisa? Yarinyar da ni na ɗauko ta daga filin jirgi tana kuka?"

"Shekara tara ke nan. Yanzu ita ce ke gwada injin manyan motoci a Lyon, kai kana nan kana shaƙar da mutane hayaƙi."

Balkisa 'yar ƙanwarsa ce. Ta zo karatun injiniya a 2004, ta gama, ta yi aure, tana zaune da mijinta Safwan a Vaulx-en-Velin kusa da Lyon, a wani ƙaramin gida mai garaji a gefe. Sai da Dodo ya kwana biyar kafin ya ɗaga waya. Suka gaisa, ya tambayi Safwan, ya tambayi sanyi, sannan ya zagayo ya faɗi abin da ya kira don shi. Ta saurara har ya gama.

"Kawu, turbon naka ya yi wa injin girma. Ba ya juyawa sai hayaƙi ya yi yawa, kai kuwa cikin rairayi tun daga tashi kake son ƙarfi. Biyu za mu sa. Ƙarami ya kama aiki tun mota na tafiya a hankali, babba ya riƙa hura wa ƙaramin iska in gudu ya ƙaru."

"Biyu a inji ɗaya?"

"Biyu. Amma da sharaɗi, Kawu. Da zarar mun canza ta, ba za ta hau titin Faransa ba, doka ba ta yarda ba. A bayan wata motar za a kawo ta, a bayan wata za a kai ta jirgin ruwa. Kuma abin da awo ya nuna shi za mu bi."

Ya ce ya ji, ya yarda.

Daga watan Maris na 2014, kusan kowace Asabar Dodo na cikin jirgin ƙasa na safe zuwa Lyon, da tsohuwar rigar aikinsa a leda da kwanon dambun nama da Hajiya ke aika wa Balkisa. Suka sauke kan injin, suka sa sabon shimfiɗi mai kauri tsakaninsa da jikin injin, da kusoshi masu ƙarfi don kada matsin iska ya ɗaga shi. Suka canza kulochi, suka sa babban mai sanyaya iska a gaba, suka ja wa kowane turbo bututun mai nasa. Balkisa ta zana bututun ƙarfen da zai haɗa turbon biyu a ordinater, wato kwamfuta, Dodo ya yanka ya yi walda. Sau huɗu ana yi ana warwarewa, don kullum sai murfin gaba ya ƙi rufuwa. Safwan, wanda mai harhaɗa magani ne, bai san komai a harkar ba, ya ɗauki aikin shayi da kiran salla a wayarsa.

Wata rana wata tsohuwar ƙusa ta karye a cikin jikin injin, ta bar guntu a nutse. Balkisa ta zauna a kan taya, ta dafe kai.

"Shi ke nan, Kawu. A wajen aikinmu in haka ta faru, aika injin ake yi wani wuri."

Dodo ya ɗauko abin walda. Ya ɗora noti a kan guntun, ya cika tsakiyarsa da walda, ya bar shi ya huce, ya ɗiga masa mai, sannan ya riƙa juya shi gaba kaɗan baya kaɗan, yana magana da shi ƙasa-ƙasa. Bayan rabin awa guntun ya fito. Balkisa ta karɓa tana jujjuya shi a tafin hannu.

"Ka san wani abu? Shekara biyar ina aiki, ta bayan gilashi nake kallon inji. Wannan ne na farko da na sa wa hannu."

Ya miƙa mata abin waldar. "To zo ki koya."

A watan Oktoba suka gama. Wani abokin aikin Balkisa yana da gonar iyayensa a bayan gari mai doguwar hanyar ƙasa da tudu, ya ba su izinin gwaji, har da aron tankin shayar da shanu. Da safe, kafin Balkisa ta fito, Dodo ya shiga garaji shi kaɗai. Ya daɗe yana ganin ta tsananta rowa wajen gazwal ɗin da famfo ke ba injin. Ya ɗauki sukudireba ya ƙara wa famfon rabin juyi, ya rufe, ya wanke hannu.

A gonar aka cika tanki, Dodo ya kama sitiyari, Balkisa na gefensa idonta a kan agogon da ke auna zafin hayaƙi. Motar ta tashi da nauyin kamar ba ta san da shi ba. Ƙaramin turbo ya yi fito siriri, babban ya amsa da murya mai kauri. Suna tsakiyar tudu sai baƙin hayaƙi ya turnuƙe madubi, allurar agogon ta haura tana neman ja.

"Kawu, ɗaga ƙafa! Ɗaga ƙafa, vite, maza!"

Ya ɗaga. Suka tsaya, inji na juyawa a hankali, allurar ta fara saukowa. Balkisa ta buɗe littafinta.

"Ban gane ba. Jiya na duba komai. Wataƙila lissafina ne ba daidai ba."

Dodo ya dubi sitiyari. Yana iya yin shiru, kuma ya san ba za ta taɓa zarginsa ba.

"Lissafinki daidai yake, 'yata. Ni na taɓa famfon da safe."

Ta rufe littafin. Can ta ce, a hankali, "Da mun ƙara minti ɗaya, da piston ya narke. Wata bakwai, Kawu."

"Na yi kuskure. Ki yi haƙuri."

Bai taɓa ba wa ƙaramin dangi haƙuri ba a rayuwarsa, kuma ya yi mamakin yadda maganar ta fita ba wuya. Ya sauka ya mayar da rabin juyin a gabanta. Suka sake hawa tudun sau shida, hayaƙi fes, allura na tsaye inda ya kamata. A hawa na ƙarshe ita ta tuƙa, tana dariya har mayafinta ya zame.

A farkon 2015 aka ɗora motar zuwa Marseille, ta bi ruwa zuwa Cotonou. Dodo ya ajiye aiki a watan Yuni, shi da Hajiya suka tattara suka koma Tanout. Yanzu sau uku a rana farar pikop ɗin ke zuwa rijiya, ta tsaya a ƙauyuka huɗu, kowane gida ya kawo jarkokinsa. Makanikan Tanout sukan zo su leƙa cikinta su yi ta gardama kan wane turbo ke hura wa wane.

A damina ta biyu gwiwar Dodo ta kumbura, likita ya ce ya huta sati shida. Yana cikin tunanin wa zai ba amanar motar, sai Hajiya Zuwaira ta ce a koya mata. Tana da shekara hamsin da huɗu, ba ta taɓa riƙe sitiyari ba. Ya zauna a gefenta a filin bayan gari da ƙafarsa a naɗe, motar ta mutu a hannunta sau tara a yini ɗaya. Da sati ya zagayo ta kai tanki rijiya ta dawo da shi cike, matan ƙauye na bin ta da guɗa. Gwiwar ta warke tuni, amma zuwan safe har yau nata ne, shi kuma ya ɗauki na azahar da na la'asar.