Takarda Cikin Gilashi

Lorraine, mai karɓar takardun neman aiki a wata masana'antar ƙarfe a Ohio, ta kasa ɗauke ido daga wani dattijo da ya zo neman aiki. Gashi fari fat, yatsu duk tabon wuta, yana rungume da takarda cikin gilashi kamar jariri. Sai da ya goge ta da hannun riga ya ajiye.

Shaidar sakandare ce, irin wadda manya ke samu da jarrabawa. Makon jiya aka ba shi!

"'Yata," in ji shi, "shekara talatin ina narka ƙarfe. Wannan za ta yi?"

Lorraine ta sake duban takardar. Manajan masana'antar ya riga ya ce mata ba a karɓar irin wannan, sai shaidar makaranta zalla. Ita kuwa tata shaidar ta makaranta, ko inda ta jefar da ita ba ta sani ba.