Maraƙar Hamdiyya

Duk wanda ya taɓa shan fura a kasuwar Kebbe ya san Dada. Shekara talatin tana kawo nono, ba ta taɓa tsarma shi da ruwa ba, ba ta kuma taɓa yarda wani ya fi ta gaskiya ba. In kana son ranka ya daɗe, yabi nononta ka wuce.

Abu biyu Dada ke so a duniya. Na fari jikarta Hamdiyya, 'yar shekara uku, wadda ke kwana a ɗakinta. Na biyu maraƙar da ta ba yarinyar, domin a gidansu ba a barin yaro ya tashi bai da tasa dabbar. Wannan maraƙa ita ce tukunya, ita ce gado, ita ce gobe.

Da aka raba gidan sauro farkon damina, Dada ta samu guda. Ta shafa shi, ta ga ko ƙuda ba zai ratsa ba, sai ta kafa sanduna huɗu bayan ɗaki ta lulluɓe maraƙa. A ganinta mutum yana da hannun kore sauro, dabba kuwa sai jela. Maraƙa ta yi ɓul-ɓul. Hamdiyya ta kwanta masassara sau biyu kafin gero ya fid da kai, Dada ta ce damina ce, kowa ma ya sha.

Ana nan sai ga mutanen jami'a daga Sakkwato, bisa babura, tsamo-tsamo da laka. Sun zo wayar da kai kan sauro da kaska da ƙudan tsando. Dada ta ja su har bayan ɗaki don su ga dabararta, tana jiran yabo. Ɗalibai suka yi ta cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce.

Shugabarsu, Dakta Najiba, ba ta yi dariya ba. Ta taɓa wuyan Hamdiyya, ta ji zafi rau, ta duba idonta ta ga ya yi fari.

"Inna, wagga maraƙa ta wa ta?"

"Ta Hamdiyya ta."

"To in babu Hamdiyya, wa za a ba?"

Karon farko a tarihin Kebbe, Dada ta yarda wata ta fi ta gaskiya. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Aka gwada jinin yarinya, aka ba ta magani, likitan dabbobin da ke cikinsu ya ba da na shafa wa maraƙa. Kafin baƙin su hau babura Dada ta tuge sandunan, ta wanke gidan sauron, ta shanya a inuwa yadda aka ce.

Har yau a kasuwa cewa take dabarar mayar wa Hamdiyya gidan sauron tata ce. Amma kullum kafin magariba sai ta cusa gefen gidan sauron ƙarƙashin katifar Hamdiyya, ta zagaya sau biyu tana laluben ɓula.