Surukin da Na Yi wa Kaina

Ku matso ku ji wautar da na taɓa tafkawa a Hyattsville, nan Amurka, lokacin 'yata ta fari tana jami'a.

Wata Asabar ta zo da wani saurayi, iyayensa 'yan Kumasi, shi kuwa haihuwar nan ne. Ya durƙusa ya gaishe ni da Hausarsa mai tuntuɓe. Na ce a raina, to, an zo wurin. Daga ranar na ɗora masa kunyar suruki. In ya shigo falo sai in ja mayafi in shige kicin. Ba na kama sunansa, ba na zama inda yake. Sati biyar muna haka.

Ranar da na ce wa 'yar tawa ya kamata ya turo manyansa, sai ta ajiye cokali.

"Mama, waɗanne manya? Shi fa maza yake so."

Na nemi buhun shinkafa na zauna.

Ta ce tun da aka gane, an rubuta zagi a ƙofar ɗakinsa na makaranta, an kwara wa katifarsa ruwa. Ko a taron ɗaliban Afirka, in ya zauna sai na gefensa su tashi. Saura masa shekara ɗaya, amma ya fara haɗa kaya zai bar karatun. Shi ne 'yan ajinsu kaɗan suka raba aiki. Wasu su raka shi aji, wasu su yi ta zarya ofis da ƙara, ita kuma Asabar ce rabonta, don kada ya wuni shi kaɗai.

"Jiya ya ce min wai kin sani ne, shi ya sa kike gudunsa. Ya ce ba zai ƙara zuwa ba. Makarantar ma ba zai koma ba."

Ni ban yi zurfi a karatu ba. Na san abin da malamai ke faɗa, har yau kuma ban gama sasanta shi a zuciyata ba. Amma na ce ta kira min shi a waya.

"Ɗana, ni ce. Kwance kayan nan. Asabar ina jiranka."

Can sai na ji shessheka, yana ta cewa, "Mama, ki yi haƙuri," ban ma san laifin me ba.

Ku gaya min tsakani da Allah, da ku ne ɗan wani ke kuka a kunnenku, me za ku ce masa?