Igiya Hamsin da Ɗaya: Ga Malam Labaran, Direban Motar Makaranta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Labaran, tsohon direban motar makarantar 'ya'yanmu a nan Kuje, bayan jinyar kwana tara. Ya bar matarsa Rekiya da 'ya'ya biyar. Na rubuta "tsohon direba" kaina a sunkuye, domin ni na sa aka kore shi.

Malam Labaran, shekara shida ka yi kana jan motar nan da ƙungiyar iyaye ta saya, mai kujera talatin da biyu. Ba ka taɓa sauke yaro a bakin titi ka wuce ba, sai ka ga an buɗe masa ƙofa. Kana da wani gwangwanin madara kusa da giyar motar, inda kake tara fensir da ribom da maɓallan da yara suka yar, duk Juma'a ka yi cigiyarsu ɗaya bayan ɗaya kamar mai shela a kasuwa. Yaron da ya shiga bai yi gaisuwa ba, sai ka ce ya sauka ya sake shigowa. Wannan hali naka shi ya fara burge ni, don ni ma ba na wasa da tarbiyya. Ranar da 'yata Sumayyah ta yi amai a mota, tana aji biyu, ka wanke mata fuska da ruwan butarka, ka zaunar da ita a gaba, ka ce wa masu dariya duk wanda bai taɓa amai ba ya ɗaga hannu. Ta ba ni labarin nan ya fi sau goma.

Yara sun fi kujeru yawa, sai muka kafa kwamiti, aka ba ni shugabanci saboda an san ba na kallon fuskar kowa. Muka yi doka: wanda gidansu ya kai kilomita uku daga makaranta shi ke da kujera, wanda bai kai ba ya taka da ƙafa. Sakatarenmu, ma'aikacin ofis ne a cikin gari, ya buɗe taswirar wayarsa ya yi awo yana zaune a falona. Kwatas ɗinmu na ma'aikata ya auna daga ƙofar baya, ya samu uku da ɗoriya, aka rubuta mana duka. Ƙauyenku na ƙetaren rafi ya ja masa layi miƙe, ya samu biyu. Yara goma sha ɗaya suka fita daga jerin. Cikinmu babu wanda ya taɓa taka ƙauyen nan.

Da rani rafin ba ya wuce idon sawu. Da damina kuwa yakan kai ƙirjin babba, sai a zagaya ta gada. Kai ka san haka, mahaifarka ce. Saboda haka duk safiyar da aka kwana ana ruwa, sai ka kai motar har gada ka kwaso su, suna tsattsaye a tsakanin kujeru. Motar takan makara da minti ashirin. Sau uku aka tsayar da Sumayyah a layin makararru, ni kuma da nake yi wa matan kwatas wa'azi a kan kiyaye lokaci na ji an zubar mini da mutunci. Na tare ka a bakin ƙofar makaranta.

Ka ce, "Hajiya, ruwa bai san kilomita ba."

Na ce, "Doka doka ce, Malam Labaran. In kowa zai bi tausayinsa, me ya sa muka zauna muka rubuta?"

Ka yi murmushi ka ce, "To Hajiya, a sake aunawa mana."

Na ɗauki wannan a matsayin rashin kunya. Na rubuta takarda shafi biyu, na ambaci amana, na ambaci haɗarin lodin yara fiye da ƙima, har da aya na kawo. Maganar lodi gaskiya ce, har gobe ina nan a kanta. Amma Allah ya san layin makararru ne ya sa ni ɗaukar biro. Aka sallame ka. Ka koma jan motar kaya a Idu, kana fita tun asuba.

Bara da damina ka zo gidana ranar Asabar, wandonka duk taɓo, da takarda a hannu. Ban ce ka shigo ba. Ko ruwa ban ba ka ba, ni da nake dukan yarana in baƙo ya zo ba su kawo masa ruwa ba. Na karɓi takardar ta saman ƙofa, na ce za a duba, na jefa ta cikin kwanon da nake ajiye takardun wuta. Na zaci roƙon a mayar da kai aiki ne.

Ranar sadakar uku na je ƙauyenku yin gaisuwa, karo na farko a rayuwata. An yi ruwa, sai muka bi ta gada. Tafiyar ta ƙi ƙarewa. Rekiya ta shimfiɗa mini tabarma mafi kyau a gidan. Wani dattijo yana zaune a gindin mangwaro, aka ce maƙwabcinka ne Thaddeus, uban wata yarinya Joy da ke cikin goma sha ɗayan nan. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, ya yi magana da Hausarsa ta ɗan koyo.

"Madam, kai ne Maman Sumayyah? Shugaban kilomita?"

Rekiya ta ce, "Baba Joy, don Allah, gaisuwa ta zo."

Ya ce, "Ai ni ma gaisuwa nake yi. Madam, ka karanta takardan?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba.

"Na sani. Asabar biyu muka yi a titi, ni da shi, da igiyan awon gona. Shi a gaba, ni a baya, kamar akuya da mai shi. Kowane igiya mita hamsin. In mun ja ɗaya, sai ya sa masara ɗaya a aljihu. Igiya sittin shi ne kilomita uku naku. Daga makaranta zuwa nan ta gada, ɗari da huɗu. Masu okada suna ta mana dariya, wai oga direba ya zama safiyo."

Ya gyara zama.

"Kuma hanyan ta ƙofan gidanka ya wuce. Da muka kai wurin na ce ya ƙirga masara. Hamsin da ɗaya, Madam. Bai kai sittin ba. Na ce, Labaran, rubuta! Wannan shi ne maganin matan nan. Ya ce a'a. Wai shi yana neman a ƙara yara ne, ba a rage ba. Wai Sumayyah fasinjansa ne, me ta yi?"

Malam Labaran, na sha jin ana cewa ƙasa ta tsage mutum ya shige, ban san nauyin maganar ba sai ran nan. Gidana yana bakin ƙofar gaba ta kwatas. Dokar da na kore ka da ita ba ta taɓa ba 'yata kujera ba. Shekara uku tana zaune a wurin wani, ni kuma ina yawo ina koya wa mutane amana. Kana da abin da za ka tozarta ni da shi a gaban duk iyayen makaranta, ka mayar da shi aljihu tare da masararka. A shekarun nan Joy ta maimaita aji saboda ranakun da ruwa ya hana ta zuwa, wata kuma, Rosemary, ta daina zuwa gaba ɗaya.

Da na dawo na zazzage kwanon. Takardar tana nan, ko ninkinta ba a warware ba. Babu kalma ɗaya a kan aikinka. Sunayen yaran ne, da awon hanya, da shawararka: motar ta yi sawu biyu, na farko ƙarfe shida da rabi zuwa gada, na biyu kwatas, kowa ya zauna, babu mai tsayuwa.

Iyaye 'yan'uwana, ku da kuka sa hannu a takardata ba tare da tambaya ba, ba zan ɗora muku kayana ba, amma ku ma ku binciki kanku. Asabar mai zuwa kwamiti zai zauna fitar da jerin sabuwar shekara. Zan karanta takardar Malam Labaran da bakina, in ƙara layin da ya ƙi rubutawa. Maigidana ya ce in bari a gyara a ɓoye, tonon silili ba shi da amfani. Na ce masa korar a fili na yi ta. Zan nemi a karɓi sawu biyu. In an ƙi, sunan Sumayyah ne farkon fita. Na san ba haka ka so ba, Malam Labaran, amma ni na rubuta dokar. Da na faɗa wa Sumayyah, ta tambaye ni ko kai ka san da wannan tun da. Na ce ka sani. Ta ce, "Amma kullum in ya gan ni a hanya sai ya yi mini hon." Ta shige ɗaki.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Labaran, ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka sa kowane taku da ya yi a titin nan ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Rekiya da 'ya'yansa, da Thaddeus, da dukan mutanen ƙetaren rafi. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. Ban nemi gafararsa yana raye ba, ƙofar nan ta rufe, sai dai in roƙi taku.

Rekiya, abu ɗaya nake nema. Ki ara mini igiyar nan zuwa Asabar. Zan ajiye ta a kan teburin kwamiti, duk mai shakka ya kama bakinta ɗaya, ni zan kama ɗayan.

Rukayyat Abdulmajeed (Maman Sumayyah), Kuje