Tatsuniyar Gawo da Ta Ɓace Mini a Tsakiyar Taro

Duk faɗin ƙasar Gobir, daga Isa har bakin iyaka, ba a taɓa haihuwar mai riƙe tatsuniya kamata ba. Haka nake faɗa a kasuwa, haka nake faɗa a mota. Da bakin nan nawa na hana a zubar da jini a ƙauyenmu bara. To, bari dai ku ji yadda aka yi.

Muna yara, a ƙauyenmu kusa da Unguwar Lalle, da an idar da isha'i kakata Inna Kulu za ta tura karan dawa cikin wuta, mu kewaye ta. Har da Jaɓɓi, ɗan Bafulatanar da ke kawo mana nono, wanda kan kwana gidanmu ran kasuwa. Ni Inna ke kira mijinta. "Matso, maigida," in ji ta, "ko da yake ba ka taɓa kawo mani ko goro ba."

Wadda ta fi so ita ce ta manomi da makiyayi masu gawo ɗaya. Da rani, sa'ad da itatuwa suka zubar da ganye, lokacin gawo ke yin kore. Makiyayi ya ce a ransa, in bai sassaro wa shanu ba, manomi zai yi makamashi da shi. Manomi shi ma ya ce in ya tsaya, makiyayi zai ƙarar. Wannan ya sari reshe, wancan ya sari biyu, har aka wayi gari sai kututture. Iska ta kwashe ƙasar gona, shanu suka rasa inuwa.

"Wa ya kashe gawo?" Inna kan tambaya.

Mu ce gatari.

"A'a, ɗiyana. Tsoron juna na."

Shekaru suka shuɗe, Inna ta rasu, gonakinmu suka koma kamar kan mai sanƙo. Sai wata malamar gona ta zo daga Isa, ta koya mana mu daina tumɓuke tohon itace wurin sassabe, mu bar masu ƙarfi su tashi. Ta koya wa makiyaya inda ake saran reshe itace bai mutu ba. Amma darasin namu daban, nasu daban, don mun daɗe ba mu zama tabarma ɗaya. Toho ya kai ƙirji, sai wata safiya aka tarar an sassare na gonar wana Sani. Samari suka ce aikin makiyaya ne, suka ɗauko sanduna. A ƙasar nan tamu, yanzu kowa ya san inda irin wannan ke ƙarewa.

Maigari ya tara mu da makiyaya. Malama ta yi magana har muryarta ta dushe, ba mai kallon ɗan'uwansa. Na miƙe na ce, "Za ni ba ku tatsuniya." Na kawo manomi, na kawo makiyayi, na kai kan kututture. Sai kaina ya koma fanko. Gumi ya cika mini hula, wallahi da an matse ta da an shayar da akuya.

Can daga ɓangaren Fulani wani mai furfura ya ɗaga murya. Jaɓɓi ne. "Sai wata tsohuwa ta zaunar da su biyun bakin kututture, ta nuna musu toho. Ta ce daga yau makiyayi ya hau, manomi ya riƙe mishi tsani. Inna Kulu ta hwaɗa muna, ina cin tuwonta."

Wani ya yi dariya, dariya ta bazu, sanduna suka sauka ƙasa. Jaɓɓi ya ce ɗan ƙanensa ne ya yi saran, baƙo ne, bai taɓa zuwa darasi ba, ya kuma ba Sani haƙuri a gaban kowa. Tun daga ranar, tabarma ɗaya malama take shimfiɗawa. Da rani ba a saran gawo sai mai gona na ƙasa riƙe da tsani, shanu kuma su bar mishi taki.

Sai yanzu na gane abin da Inna ke yi. Ba itace take koya mana ba, zama wuta ɗaya take koya mana, ta san wata rana za mu nemi wanda zai ƙarasa mana magana.

Da muka fito na dafa Jaɓɓi, na ce tsufa ne ya sa na manta ƙarshen.

Ya dube ni. "Wace mantuwa, mijin Inna? Ba ka taɓa jin shi ba. Kullum kafin a kai ga toho, kana minshari bisa ƙahwarta."