Lahadin Ermes a Kan Ganuwa

Ermes Bottoni irin mutanen nan ne da maƙwabta ba sa sanin ko suna gida ko sun fita. A wani ɗan ɗaki yake zaune, saman shagon mai gyaran takalma, cikin tsohon garin Ferrara. Bai taɓa aure ba. Ƙarfinsa duk a masana'antar sukari ya ƙare, har ranar da aka rufe ta aka sallami kowa. Daga Litinin zuwa Asabar, in ka ɗebe gaisuwar da yake yi wa mai burodi, bakinsa a rufe yake wuni.

Lahadi kuwa tasa ce. Da hantsi yakan sauko da baƙin kekensa ya nufi ƙofar gari, inda Oreste mai aski ke jiransa da nasa keken. Tun suna 'yan firamare suke tare. Sai su hau kan ganuwa, su bi hanyar da ke samanta a ƙarƙashin bishiyoyi, su zagaye garin kaf, Oreste a gaba yana zuba, Ermes a baya yana ji.

"Kai kurma, kana nan kuwa?" Oreste kan waiwayo ya ce. "Ko da iska nake hira?"

"Ina nan."

"Madalla. Ka gama maganarka ta wannan makon ke nan."

Wata Lahadi a farkon bazara, Oreste na tsakiyar labarin wani kwastoma mai sanƙo da ke son a yi masa tsaga, sai ya tafi kai tsaye ya daki bencin dutsen da ya girme su duka biyun. Ya faɗi, gwiwar wandonsa ta yage. Ermes ya ɗaga shi ya zaunar.

"Wane ɗan banza ne ya ajiye benci a nan?" in ji Oreste. Ya yi dariya, amma ba ta daɗe ba. Can ya ce, "Ermes, tun bara kamar inuwa nake ganinka. Kada ka gaya wa kowa."

Da mako ya zagayo, sai ga Ermes cikin tsohuwar rigar ruwansa ta masana'anta, rawaya mai ƙyalli, ana kuma rana kamar ta fasa kai. Ya wuce gaba ya tsaya.

"Bi ni," ya ce.

"Wai! Yau ayaba zan bi?"

Haka suka yi bazarar nan gaba ɗaya. Ermes na gaba yana haɗa gumi, yara na nuna shi suna dariya, Oreste na binsa a baya bakinsa bai huta ba. Ermes bai taɓa jin daɗin hawa keke kamar a watannin nan ba, ko da yake bai faɗa wa kowa ba.

Asiri ya tonu ne a shago, ranar da Oreste ya yanki kunnen wani dattijo. Kafin mako ya fita 'yarsa Loredana ta iso daga Torino, ta rufe shagon, ta haɗa masa kaya. Ermes ya je sallama ya same su a bakin mota.

"Baba, shiga mu tafi, hanya da nisa," in ji ta.

Oreste ya lalubi hannun Ermes ya riƙe. "Keken nan nawa ka ajiye shi wurinka. Ka riƙa ba shi iska, kada ya zauna kamar kai."

Yanzu kekuna biyu ne a ƙarƙashin matakalar Ermes. Yana fita duk Lahadi, sai dai zagayen ya zama gajere, don babu mai tsayar da shi ya nuna masa gidan wance ko ya tsegunta masa wanda ya rabu da matarsa.

Wata ranar kaka, ganye na zuba, wayarsa ta yi ƙara yana daidai saitin maƙabarta. Oreste ne.

"Kana sama?"

"Ina sama."

"To faɗa mini abin da kake gani. A nan ko taga ba sa bari in buɗe."

Ermes ya duba. Ga wata mata da kare, ga hayaƙi daga wani gida, ga ganye ja ya rufe hanya. Ya buɗe baki yana neman ta inda zai fara. Sai ya ji muryar Loredana daga nesa tana cewa abinci zai huce.

"An kira ni, ɗan'uwa. Wani makon ka tanadi labari."

Ermes ya mayar da wayar aljihu. Sannan ya sauko daga ganuwar, ya tura keken da ƙafa ta cikin gari, a hankali, yana leƙa kowane lungu ko zai ga wani abin da ya isa a faɗa.